Koyar da lissafin halittu ta hanyar bincike ga ɗaliban digirin farko: tambayoyi da amsoshi

Yawancin tambayoyin nan malaman sashen lissafi da na bayoloji ne ke yin su idan suna shirin buɗe irin wannan kwas. Kaɗan daga cikinsu kuma daga ɗalibai suke fitowa.

Mene ne lissafin halittu? Ba ƙididdigar da ɗaliban bayoloji suka saba yi ba ce?

Suna taimakon juna, amma aikinsu daban ne. Ƙididdiga tana duba alƙaluma ta faɗi ko bambancin da aka gani na gaske ne ko dace ne kawai. Lissafin halittu kuwa yana rubuta yadda abin yake gudana: nawa ake haifa, nawa ke mutuwa, wa ke sa wa wani cuta, cikin kwana nawa ake warkewa. Idan aka zuba waɗannan a ikweshan, an sami samfuri ke nan, sai a tambaye shi abin da zai faru idan aka canza wani abu.

Fagen ya daɗe. Daniel Bernoulli ya lissafa amfanin rigakafin agana tun 1760. Verhulst ya kawo ikweshan na ƙaruwar jama'a mai iyaka a 1838. Lotka a 1925 da Volterra a 1926 sun rubuta na dabba mai farauta da wadda ake farauta, Kermack da McKendrick kuma na annoba a 1927. Misalin da ya fi saurin shiga kan ɗalibi shi ne na Ronald Ross, wanda lissafinsa ya nuna cewa ba sai an kashe sauro kaf ba kafin zazzaɓin cizon sauro ya ɓace a wuri. Idan yawan sauron ya sauka ƙasa da wata iyaka, cutar ba za ta iya riƙe kanta ba. Tara alƙaluma kaɗai ba zai fito da wannan ba.

Me ake nufi da kwas da aka gina a kan bincike? Ba aikin gida ba ne da aka tsawaita?

A aikin gida malami ya san amsa, ɗalibi yana neman ya dace da ita. A nan malamin ma bai san inda za a ƙare ba. Tambayar kuma tana da wanda zai damu da amsarta a wajen aji, ko da malamin ɗakin gwaji ɗaya ne a sashen. Kuma dukkan 'yan aji ne ke yi, a lokacin darasi, ba zaƙaƙurai biyu ko uku da aka tsamo ba. A Amurka an fi yaɗa wannan salo bayan rahoton BIO2010 na 2003, wanda ya nemi a ƙara wa ɗaliban bayoloji lissafi.

Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne zagaye na biyu. Dole ɗalibi ya gina samfuri, ya gan shi ya saɓa wa bayanai, ya koma ya canza wani abu daga cikin abubuwan da ya ƙaddara, ya sake gwadawa. Idan lokaci ya ƙure, wannan matakin ake fara yankewa, alhali a nan ne karatun yake.

Wane lissafi ɗalibi yake buƙata kafin ya shiga?

Kalkulus na zango ɗaya ya isa, in dai ya fahimci cewa dN/dt saurin canjin adadi N ne a kan lokaci t kuma yana iya karanta giraf. Matiriks da lissafin yiwuwa ana iya koyar da abin da ake buƙata daga cikinsu a hanya. Idan aka sa sharuɗɗa da yawa, ɗaliban bayoloji za su gudu, ajin ya zama na 'yan lissafi zalla waɗanda babu mai ce musu ƙwayar bakteriya ba ta yin abin da suka rubuta.

Yaya za a raba zangon karatu na mako 14?

Mako huɗu na farko na kayan aiki ne. A fara da ƙaruwa marar iyaka, dN/dt = rN, inda r shi ne saurin ƙaruwa, sai ikweshan na Verhulst, dN/dt = rN(1 − N/K), inda K ita ce iyakar yawan da wurin zai iya ɗauka, sai samfurin annoba mai rukuni uku: masu iya kamuwa, masu cutar, da waɗanda suka warke. Kowane darasi a raba shi biyu, rabi a allo rabi a kwamfuta. Kada a bari su taɓa kwamfuta kafin su zana akwatuna da kibiyoyi a takarda, su rubuta a kan kowace kibiya abin da take nufi da ma'auninta.

Mako na 5 da na 6 a koyar da daidaita samfuri da bayanai, da alƙaluman da malami ya riga ya sani ciki da waje. A ƙarshen mako na 6 kowace ƙungiya ta miƙa shafi ɗaya: tambayarta, zanen akwatunanta, inda bayanai za su fito, da abubuwa biyar da ta ƙaddara. Daga 7 zuwa 9 zagaye na farko. Mako na 10 kowa ya gabatar da abin da ya samu komai muninsa, sauran ƙungiyoyi su yi masa tambayoyi. Mako na 11 da na 12 zagaye na biyu, biyun ƙarshe kuma rubutu da gabatarwa.

Idan akwai gwajin da ɗalibai za su yi da hannunsu, a fara shi tun mako na 3 ko na 4, tun ma kafin su san abin da za su yi da alƙaluman. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsiro ba ya sauri don jarrabawa ta gabato.

Wace irin tambaya ce ta dace da ɗalibi?

Ƙarama. Ɗalibai da kansu sukan zaɓi manya, irin su yadda za a kawar da wata cuta daga duniya ko yadda cutar kansa ke bazuwa a jiki, sai a ƙare da samfuri mai akwatuna 12 da faramita 30 (lambobi irin su r da K da ake saka wa ikweshan) waɗanda aka tsinto rabinsu daga intanet. Babu abin da za a iya gwadawa a cikinsa, don haka babu abin da zai iya ƙaryata shi.

Tambaya mai kyau ba ta wuce ikweshan biyu zuwa huɗu, faramitocin da za a ƙiyasta daga bayanai kada su wuce uku ko huɗu, kuma tana da amsoshi biyu masu gasa da juna. Misali: idan aka ninka sukari a ruwan da yis (ƙwayar da ke sa burodi kumbura) ke girma, saurin girma ne ke canzawa, ko iyakar yawansa, ko duka biyun? Ko kuma: ƙara rukunin waɗanda suka kamu amma ba su fara yaɗa cuta ba yana gyara hasashen ranar da annoba ke kai ƙololuwa, ko ƙarin faramita ne kawai? Irin waɗannan suna da amsa cikin mako shida, kuma ko wace amsa aka samu an koyi wani abu.

Kafin zango ya fara, malami ya zauna kwana biyu ya gwada kowace tambaya da kansa. Idan cikin kwana biyu bai fitar da giraf na farko ba, ɗalibai ba za su fitar cikin wata guda ba. Idan kuma ya warware ta gaba ɗaya da yamma ɗaya, aikin gida ce.

Daga ina bayanai za su fito?

Ko dai waɗanda aka riga aka wallafa, ko waɗanda ɗalibai suka auna. Kowanne da tarkonsa.

A cikin tsofaffi, babu wanda ya kai na murar da ta ɓarke a wata makarantar kwana ta maza a arewacin Ingila a 1978 amfani. Yara 763 ne, 512 suka kwanta, cikin kimanin mako biyu. Wuri ne rufaffe, babu haihuwa babu ƙaura, shi ya sa samfurin mai rukuni uku ke zama a kan alƙaluman kullum-kullum da kyau, ya ba da R0, wato matsakaicin yawan mutanen da mai cuta ɗaya ke sa wa a farkon annoba, tsakanin 3 da 4. To amma da irin wannan R0, samfurin yana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 za su kamu, alhali 512 cikin 763 kashi 67 ne. Kuma abin da aka ƙirga waɗanda ke kwance a gado ne, ba masu yaɗa cutar ba. Ɗalibin da ya gano wannan giɓi da kansa ya sami tambayar bincike ta gaske, don haka kada a yi saurin nuna masa.

Akwai kuma gwaje-gwajen Gause na 1934 a kan Paramecium, ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya, masu kyau wajen nazarin gasa tsakanin jinsi biyu. Akwai alƙaluman fatun zomo da na kyanwar daji lynx na kamfanin Hudson's Bay a Kanada, masu hawa da sauka kusan kowace shekara 10. Waɗannan fatun da maharba suka kawo ne, ba dabbobin da ke daji ba, saboda haka farashin fata da himmar maharba suna cikin lambobin.

Ga masu son aunawa da hannu, ƙaramin tsiron ruwa Lemna ya fi komai sauƙi. A sa ganye 10 a kofi mai ruwan da aka zuba wa sinadarin abincin tsiro, kofi biyar ga kowane yanayi, a ƙirga duk bayan kwana biyu har mako uku. Idan haske da ɗumi sun wadata yana ninkawa cikin kwana biyu zuwa uku. Abubuwa uku ke ɓata shi: gansakuka ta cinye abincin idan ba a rufe gefen kofin daga haske ba, ruwa ya ƙafe ba a cika ba, ganye kuma su hau kan juna idan sun yi yawa har ƙirga ta gagara. A ɗauki hoto daga sama a tazara ɗaya kullum, a auna faɗin kore da manhajar auna hoto ta ImageJ. A riƙa sauya wa kofuna wuri, in ba haka ba kusanci da fitila ake aunawa. Yis ya fi sauri, yana ninkawa cikin kimanin minti 90 a zafin digiri 30, amma sai da na'urar auna duhun ruwa a nanomita 600, kuma idan ruwan ya yi kauri karatun na'urar yana daina bin yawan ƙwayoyin. Ɗalibin da bai tsarma ba zai ga layi ya kwanta ya ce ya sami K, alhali na'urar ce ta kai iyakarta.

Wace manhaja za a yi amfani da ita?

Python da SciPy, ko R da deSolve. Duka kyauta ne kuma suna aiki a tsohuwar kwamfuta. MATLAB ma yana yi idan makaranta tana da lasisi. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta. Darasin farko a yi shi a Excel, ɗalibi ya ga kowane layi yana fitowa daga na samansa, daga nan a ba su kod mai aiki su riƙa canzawa maimakon farawa daga shafi fari.

Me ya sa giraf ke rawa ko ya ba da adadi ƙasa da sifili alhali ikweshan daidai ne?

Kusan kullum girman taki ne a hanyar Euler, wadda ke warware ikweshan ta hanyar matsawa gaba a lokaci taki bayan taki. Bakteriyar E. coli a yanayi mai kyau yana ninkawa cikin minti 20, wato r kusan 2.1 ne a awa. Idan aka warware ikweshan na Verhulst da takin awa ɗaya, r sau taki ya haura 2, sai layin ya riƙa tsallake K sama da ƙasa maimakon ya zauna a kai. Idan ya haura kimanin 2.57 sai ya rikice gaba ɗaya, irin rikicewar da Robert May ya bayyana a 1976. Ɗalibai sukan yi murna sun gano sabon abu game da bakteriya. Gwajin mai sauƙi ne: a raba takin biyu, idan amsa ta canza, matsalar ta hanyar warwarewa ce.

Samfurin Lotka da Volterra yana da nasa salon. Ya kamata ya riƙa zagaya layi ɗaya rufaffe, amma Euler yana sa zagayen ya riƙa faɗaɗa komai ƙanƙantar taki. Bayan darasin farko a koma shiryayyun hanyoyin warwarewa irin su solve_ivp na Python ko ode45 na MATLAB. Idan kwamfuta ta daɗe tana aiki ba ta gama ba, mai yiwuwa wani ɓangaren samfurin yana canzawa cikin daƙiƙoƙi wani cikin kwanaki, sai a koma LSODA ko ode15s, hanyoyin da aka yi don irin wannan.

Sai ma'auni. Adadin 0.035 a minti da 2.1 a awa abu ɗaya ne, kuma haɗa faramita ɗaya a minti da wata a awa yana cikin kurakuran da aka fi yi. A samfurin annoba a sa kwamfuta ta duba jimillar rukunan uku a kowane taki. Idan jimillar tana canzawa, an rubuta wata kibiya a gefe ɗaya an manta ɗayan.

Layin ya bi ɗigon bayanai sarai. Ba shi ke nan ba?

Ko kusa. A farkon annoba abin da bayanai ke nunawa shi ne saurin hawa, wato β − γ, saurin kamuwa a cire saurin warkewa. Mu ƙaddara saurin hawan 0.2 ne a rana. Idan cutar tana ɗaukar kwana 5, γ = 0.2, β = 0.4, R0 = 2. Idan kwana 10 take ɗauka, γ = 0.1, β = 0.3, R0 = 3. Layukan biyu a farko kamar an kwafa, amma na farko yana hasashen kashi 80 cikin 100 za su kamu, na biyu kashi 94. Rigakafin da ake buƙata, 1 − 1/R0, a na farko rabin jama'a ne, a na biyu kashi biyu cikin uku. Kwamfuta za ta ba da ɗaya daga ciki da lambobi shida bayan ɗigo, ba tare da ta ce akwai ɗayan ba. Haka K yake: idan aka tsayar da gwaji kafin layi ya fara lanƙwasawa, duk K da aka samu ƙage ne.

Hanyoyin kamawa ba su da wuya. A fara neman faramita daga wurare 20 ko 30 daban-daban a ga ko duk suna sauka wuri ɗaya. A ƙirƙiri bayanan gwaji daga faramitocin da aka sani, a yayyafa musu kuskuren awo, a ga ko hanyar za ta dawo da su. Idan ta kasa a nan, ba za ta iya da na gaske ba. A zana tazarar da ke tsakanin hasashe da awo: idan ta jeru sama sama sannan ƙasa ƙasa, akwai abin da samfurin ya rasa. A ɓoye kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen bayanai, a daidaita da sauran, sannan a buɗe a kwatanta.

Wani kuskure da ke shiga har rubutun manya shi ne daidaitawa da jimillar masu cuta tun daga ranar farko maimakon sababbin kamuwa na kowace rana. Jimilla kullum hawa take a santsi, kuskuren jiya yana cikin ta yau, sai daidaiton ya yi kyau fiye da gaskiya.

Yaushe ya kamata a shigo da dace da sa'a cikin samfuri?

Idan adadi ƙanana ne. Ikweshan na yau da kullum yana cewa duk lokacin da R0 ya haura 1 annoba za ta tashi. A samfurin da ke bin mutum ɗaya-ɗaya, idan mai cuta ɗaya ya shigo kuma R0 = 2, yiwuwar cutar ta mutu da kanta rabi ce, wato 1/R0. Idan biyar suka shigo tare, ta koma 1 cikin 32. Hanyar Gillespie ta 1977, wadda ke gudanar da irin wannan samfuri a kwamfuta, ba ta wuce layi 30 na kod ba. A sa ɗalibai su gudanar da ita sau 1,000 su zana yawan waɗanda suka kamu a ƙarshe, za su ga tudu biyu, ɗaya dab da sifili ɗaya can sama, tsakiya kuma fayau. Matsakaicin adadin yana faɗawa inda kusan babu gwaji ko ɗaya.

Yaya ake haɗa ƙungiyoyi?

Mutum uku, in ya yi yawa huɗu, a gauraya 'yan lissafi da 'yan bayoloji, malami ne zai haɗa. Idan aka bar su, aikin zai rabu gida biyu: ɗaya ya riƙe kod, ɗaya ya rubuta gabatarwa, babu wanda ya koyi abin ɗan'uwansa. Maganinsa shi ne a ranar gabatarwa ɗan bayoloji ya bayyana ikweshan, ɗan lissafi ya kare abubuwan da aka ƙaddara game da halittar. A faɗa musu haka tun makon farko.

Yaya ake ba da maki ga aikin da ba a san amsarsa ba?

A ba da maki ga hujja da tsarin aiki. Rabon da ke aiki shi ne kashi 25 ga atisayen kowa shi kaɗai a makonnin farko, 15 ga shafin shawara, 15 ga littafin aiki inda ake rubuta abin da aka gwada da ranar da aka gwada har da wanda bai yi ba, 30 ga rahoto, 15 ga tambayoyin baki na minti 10 ga kowane ɗalibi. Tambayoyin bakin nan ne ke nuna wanda ya fahimta, musamman yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta kod cikin daƙiƙa. A nuna masa layi ɗaya a ce: idan aka ninka wannan faramita, ina ƙololuwar za ta koma, kuma don me? A sa shi ya faɗa kafin a danna.

A rahoto a ware maki ga abin da ya canza tsakanin zagaye na farko da na biyu, da dalilin canjin. Kuma wani ɗalibi daga wata ƙungiya ya iya gudanar da kod ɗin ya fitar da giraf iri ɗaya.

Idan samfurin ƙungiya ya ƙi dacewa da bayanai har ƙarshen zango fa?

Idan sun tabbatar kod ɗinsu daidai ne, sun nuna inda saɓanin yake, sun faɗi wane zato ne suke zargi da irin awon da zai raba gardama, sun cancanci cikakken maki. Ƙungiyar da ta ƙara faramita uku har layi ya bi kowane ɗigo ita ce ta fi buƙatar tambayoyi. Sai dai malami ya bambance wannan da aikin da ya tsaya saboda fayil ya ƙi buɗewa mako uku. Ganawar minti 10 da kowace ƙungiya duk mako tana hana irin wannan.

Ajin yana da ɗalibai 80 kuma babu ɗakin gwaji. Zai yiwu?

Zai yiwu idan aka rage yawan batutuwa. Malami ɗaya ba zai iya bin batutuwa 25 daban-daban ba. A ɗauki tsari ɗaya ga ajin duka, kowace ƙungiya ta riƙe ɓangare: wannan ta canza haske, waccan abinci, wata yawan ganyen farawa, a zuba alƙaluma a fayil guda mai tsari ɗaya da aka amince da shi tun farko. Ɗaliban da suka yi kwas ɗin bara su ne mataimaka mafi amfani, ɗaya ga kowace ƙungiya biyar ko shida.

Idan za a taɓa bayanan marasa lafiya ko a yi wa mutane tambayoyi, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta, kuma izinin yakan ɗauki lokacin da ya fi zangon tsawo. Don haka ko a nema tun zangon da ya gabata, ko a tsaya ga alƙaluman da hukumomin lafiya suka riga suka wallafa babu sunan kowa a ciki.